Sunan Mai Kisa Muka Sani, Ina Sunan Wanda Aka Kashe?

A zamanin kakanninmu, in aka ce majigi ya zo gari, ba mai zama a gida. Motar gwamnati takan tsaya a ƙofar fada ko a filin makaranta, a kafa farin ƙyalle, da duhu ya yi a nuna yadda ake tsabtace rijiya, ko shukar auduga, ko amfanin allurar rigakafi. Abin da yaro ya gani ubansa ma ya gani, gama a tabarma ɗaya suke zaune. Yau majigin ya ƙanƙance ya shige aljihu. Yarinya tana kwance a ɗaki, an kashe fitila, wayar hannu tana haskaka mata fuska, uwarta kuwa tana tsammani barci take yi.

Cikin abubuwan da ake kallo a wayoyin nan akwai wani iri da ya yi kasuwa ƙwarai, wato finafinan labarin gaskiya a kan masu kisan ɗauki ɗai-ɗai. Waɗannan ba wasan kwaikwayo ba ne. Akan tattara hotunan kotu, da kaset na muryar mai laifin, da hira da 'yan sanda da 'yan jarida da dangin mamata, a jera su kashi uku ko huɗu, kowane kashi wajen awa guda. Yawancinsu daga Amurka da Ingila suke fitowa. A wannan wata muna so mu ɗauki kaɗan daga cikinsu mu duba tare da ku. Wa ake nuna mana? Wa aka bari a duhu? Me iyali za su iya koya?

Da fari dai sai mu san girman abin. A shekara ta 2005 hukumar binciken manyan laifuffuka ta Amurka, wato FBI, ta tara masana a birnin San Antonio. Suka daidaita a kan cewa mai kisan ɗauki ɗai-ɗai shi ne wanda ya kashe mutum biyu ko fiye, a lokatai dabam dabam. Rahotonsu ya ce irin wannan kisa bai kai ɗaya cikin ɗari na kisan kai da ake yi a ƙasar kowace shekara ba. Amma wanda yake kwana yana kallon finafinan nan sai ya ɗauka bayan kowace bishiya akwai wani da yake fakonsa.

Mutumin da ya so a kalle shi

Ran 24 ga Janairu, 1989, aka kashe Ted Bundy a kujerar lantarki a wani kurkuku na Jihar Filorida. Kafin mutuwarsa ya amsa cewa ya kashe mata da 'yan mata 30 a jihohi bakwai, tsakanin 1974 da 1978. Ran da aka cika shekara 30 daidai da kashe shi, kamfanin Netflix ya fito da fim mai kashi huɗu wanda Joe Berlinger ya shirya. An gina fim ɗin a kan kaset na fiye da awa 100, na hirar da 'yan jarida biyu, Stephen Michaud da Hugh Aynesworth, suka soma yi da shi a kurkuku a 1980.

Abin da kaset ɗin ya tona yana da ban mamaki. Da fari Bundy ya ƙi taɓa maganar kisan, sai labarin ƙuruciyarsa da wayonsa yake bayarwa. Da Michaud ya gaji, sai ya yi masa dabara, ya roƙe shi ya yi bayani kamar masani, ya faɗi yadda yake tsammani “wani mutum” zai aikata irin wannan abu. Nan take bakinsa ya buɗe. Ashe abin da yake nema ke nan, a zauna a gabansa kamar almajirai, shi kuwa yana koyarwa.

Haka ya yi a kotu. Shari'arsa a birnin Miami a 1979 tana cikin na fari da aka nuna wa dukan ƙasar a telebijin. Da yake ya taɓa karatun lauya, sai ya riƙa tashi yana yi wa shaidu tambayoyi da kansa, yana murmushi yana duban masu ɗaukar hoto. Hausawa sukan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar wannan ba ta faɗi gaskiya ba ko sau ɗaya. Bayan shekara 40 dabararsa ta sake ci. Da fim ɗin ya fito, masu kallo suka yi ta yabon kyansa a intanet, har kamfanin da kansa ya fito yana roƙonsu su bari.

Cikin fim ɗin akwai wata mata, Carol DaRonch, wadda ta fi shi cancantar a tuna da ita. A Nuwamba 1974, tana da shekara 18, ya tare ta a wata babbar kasuwa a Jihar Utah, ya ce shi ɗan sanda ne, wani ya yi ƙoƙarin fasa motarta. Ta shiga motarsa. Da ya zaro ankwa ta yi ta kokawa da shi har ta faɗo waje ta tsira. Shaidarta ce ta sa aka fara ɗaure shi a 1976. Ta ƙarshe da ya kashe kuwa, bayan ya tsere daga hannun hukuma, yarinya ce 'yar makaranta mai shekara 12, sunanta Kimberly Leach. Mutum nawa cikin masu yabon kyansa suka riƙe sunanta?

Wannan ƙishirwar suna ba ta Bundy kaɗai ba ce. Dennis Rader na birnin Wichita a Jihar Kansas ya kashe mutum 10 tsakanin 1974 da 1991. Shi ya raɗa wa kansa laƙabi, har ya rubuta wa wani gidan telebijin wasiƙa a 1978 yana gunaguni cewa ba a sa shi a jarida yadda ya kamata. Ya yi shiru shekaru da yawa, sa'an nan ya sake aika saƙonni a 2004. Wani faifan kwamfuta da ya aika shi ya tona asirinsa, aka kama shi a Fabrairu 2005. Faifan ya kai 'yan sanda wata majami'a, inda shi ne shugaban majalisar ikkilisiya. Yana da mata da 'ya'ya biyu, ya kuma taɓa shugabancin yara 'yan sikawut. Musa a baki, Fir'auna a zuci. Duk fim ɗin da ya sa laƙabin irin wannan mutum da manyan baƙaƙe ya ba shi ladan da ya yi kisa domin ya samu.

Kukan da ba a saurara ba

Jeffrey Dahmer ya kashe maza da samari 17 tsakanin 1978 da 1991, yawancinsu a birnin Milwaukee. A 2022 aka fito da wasan kwaikwayo a kansa a watan Satumba, da fim na labarin gaskiya mai kashi uku a watan Oktoba. Ba za mu ɓata wannan shafi da abin da ya aikata cikin ɗakinsa ba. Abin da ya faru a bakin titi ya fi amfani a gare mu.

Tsakar dare, wayewar 27 ga Mayu, 1991, waɗansu 'yan mata baƙar fata suka ga wani yaro a titi, ba tufafi a jikinsa, yana zub da jini, ba ya iya magana sosai. Suka kira 'yan sanda. Sunan yaron Konerak Sinthasomphone, shekararsa 14, iyayensa sun gudo daga ƙasar Laos suna neman zaman lafiya. Sai ga Dahmer ya iso, fari ne, da ladabi da sanyin murya. Ya ce wannan abokin zamansa ne, shekararsa 19, giya ya sha ya bugu. 'Yan matan suka nace cewa yaro ne, yana cikin haɗari. Aka ce su yi shiru. 'Yan sandan suka raka yaron har ɗakin Dahmer suka bar shi a can. Ba su shiga ɗakin kwana ba, inda gawar wani take kwance. Ba su duba takardun Dahmer ba, da sun ga kotu ta riga ta same shi da laifin lalata da wani yaro a 1988. Yaron nan kuwa wan Konerak ne. A daren nan aka kashe Konerak.

Uwar ɗaya daga cikin 'yan matan, Glenda Cleveland, ba ta haƙura ba. Ta buga wa 'yan sanda waya tana tambaya ko sun tabbata ba yaro ba ne. Aka ce mata an gama maganar. Bayan 'yan kwanaki ta ga hoton yaron a jarida cikin waɗanda suka ɓata, ta sake bugawa. Ba wanda ya zo. Dahmer ya kashe mutum huɗu bayan wannan, kafin wani mai suna Tracy Edwards ya kuɓuce masa ran 22 ga Yuli, da ankwa a hannu ɗaya, ya tsai da motar 'yan sanda. Daga baya birnin Milwaukee ya biya iyalin Konerak diyyar dala 850,000.

Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Dahmer ba aljani ba ne, ba kuwa wani wayo gare shi na ban mamaki ba. Abin da ya tsawaita masa kwana shi ne an gaskata shi saboda kamanninsa, aka raina masu gaskiya saboda nasu.

Da aka raba mamata gida biyu

A arewacin Ingila aka yi irin wannan kuskure shekara biyar. Peter Sutcliffe, direban babbar mota daga birnin Bradford, ya kashe mata 13 tsakanin 1975 da 1980. Ta fari ita ce Wilma McCann, uwar 'ya'ya huɗu, a birnin Leeds. Tun da wuri manyan 'yan sanda suka ƙudura cewa mai kisan karuwai kaɗai yake bi. Da aka kashe Jayne MacDonald, 'yar shekara 16 mai aiki a kanti, a Yuni 1977, sai jami'ai da jaridu suka soma kiranta marar laifi, kamar dai waɗanda suka riga ta sun ci abin da suka shuka ne.

Wannan ra'ayi ya makantar da bincike. Akwai matan da ya kai wa hari suka rayu, suka kwatanta kamanninsa da gemunsa, suka ce da harshen mutanen yankin yake magana. Da yake waɗansunsu ba karuwai ba ne, ba a lissafta su cikin waɗanda ya kai wa hari ba. A 1979 kuma wani ya aika wa 'yan sanda kaset yana cewa shi ne mai kisan, da karin harshen wani gari dabam. Suka gaskata kaset, suka bar shaidar matan. An yi wa Sutcliffe tambayoyi sau tara ana sallamarsa. Katunan bincike suka yi yawa har sai da aka ƙarfafa daɓen ofishin domin kada ya rufta. Mata uku suka mutu bayan zuwan kaset ɗin. A ƙarshe 'yan sandan sintiri ne suka kama shi a Sheffield, ran 2 ga Janairu, 1981, saboda lambar motarsa ta jabu ce. Mai kaset ɗin ƙaryar, John Humble, sai a 2006 aka ɗaure shi shekara takwas.

A 2019 wata mata, Liza Williams, ta shirya wa BBC fim mai kashi uku wanda ya bi wannan labari ta bakin matan da suka rayu da 'ya'yan waɗanda suka mutu. Ran da Sutcliffe ya mutu, 13 ga Nuwamba, 2020, shugaban 'yan sandan yankin, John Robins, ya nemi gafarar iyalan saboda irin maganganun da manyan jami'ai suka yi a kan mamatan. Richard McCann, ɗan Wilma, yana cikin waɗanda suka daɗe suna neman wannan. Shekararsa biyar sa'ad da aka kashe uwarsa, ya jira shekara 45 kafin hukuma ta wanke sunanta.

Fami a kan tsohon miki

Mai kallo yakan kashe waya ya yi barci. Iyalin mamaci ba su da abin kashewa. Wata guda bayan mutuwar Sutcliffe, Netflix ya fito da nasa fim, ya sa masa laƙabin da jaridu suka ba mai kisan, mai ma'anar mai farke mutane. Waɗansu iyalai da suka yarda aka yi hira da su suka rubuta wasiƙa a fili, suka ce da wani suna dabam aka zo musu, da sun san wannan za a sa da ba su yarda ba. Kamfanin ya amsa cewa fim ɗin bincike ne a kan zamanin da kurakuran 'yan sanda. Sunan dai bai sake ba.

Haka Rita Isbell, 'yar'uwar Errol Lindsey, ɗaya daga cikin waɗanda Dahmer ya kashe. A 1992 ta tsaya a kotu ta yi wa Dahmer magana cikin kuka da fushi. Bayan shekara 30 sai ta ga wata 'yar wasa sanye da irin rigarta, tana maimaita maganarta kalma kalma. Ta ce ba wanda ya tuntuɓe ta. Mai shirya wasan ya ce sun nemi dangi da abokai wajen 20, ba wanda ya amsa. Ko yaya aka yi, cikin kwana 60 an kalli wasan fiye da awa biliyan ɗaya. Ranar da ta fi kowace ɗaci a rayuwar wannan mata ta zama abin da ake kallo ana cin gyaɗa.

Mutanen Milwaukee kuwa sun nuna wata hanya. An rushe benen da Dahmer ya zauna a 1992. A 1996, da aka so a yi gwanjon kayansa domin a biya iyalai diyya, waɗansu attajirai da mutanen gari suka tara fiye da dala 400,000 suka saye su, kuɗin ya tafi ga iyalan, kayan kuma aka hallaka su. Ba su so wani ya ajiye cokalin mai kisa a gidansa yana nuna wa baƙi.

Akwai waɗanda suka yi abin kirki

Kada mu yi wa dukan finafinan nan kuɗin goro. A 2014 wani Bature ɗan Ingila, Nick Broomfield, ya shirya fim a kan Lonnie Franklin, wanda aka kama a 2010, aka kuma same shi da laifin kashe mata tara da yarinya ɗaya a kudancin birnin Los Angeles tsakanin 1985 da 2007. Broomfield bai zauna da mai kisan ba. Ya shiga unguwar, ya bi wata mata mai suna Pam Brooks lungu lungu, tana haɗa shi da matan da suka san Franklin, waɗanda ba wanda ya taɓa tambayarsu kome. Ya kuma saurari Margaret Prescod, wadda tun tsakiyar shekarun 1980 ta tara mata suna matsa wa hukuma. Mamatan baƙar fata ne matalauta, waɗansu sun faɗa shan ƙwaya. Sai a 2008 wata 'yar jarida, Christine Pelisek, ta bayyana wa jama'a cewa mai kisan ya dawo. Wanda ya gama kallon fim ɗin nan, fuskokin matan yake tunawa.

Haka fim ɗin da Liz Garbus ta jagoranta a 2020 a kan Joseph DeAngelo, tsohon ɗan sanda a Kalifoniya, wanda aka kama a 2018 yana da shekara 72, ya kuma amsa laifin kashe mutum 13. An ba matan da suka tsira daga hannunsa fili su yi magana, waɗansu bayan shiru na shekara 40.

Shawara ga iyaye

Mun riga mun ga ma'aunin. In za ku zaɓi fim, ku lura da wanda aka fi ba lokacin magana. In muryar mai kisan ce take cika kunne, ana nuna hotonsa da kiɗa mai daɗi, ana maimaita yadda ya yi ɓarnar dalla dalla, to, wannan talla ce ake yi masa, ku bar shi. In kuwa ana tambayar yadda aka yi sakaci, ana kiran mamata da sunansu, akwai abin koyo a ciki.

Ko mai kyau ne, ba na ƙananan yara ba ne. Akan sa wa irin finafinan nan alamar shekaru, ku duba ta. Yaro ba ya iya raba abin da ya faru a Amurka shekara 50 da suka wuce da duhun bayan ɗakinsa. In kun ga ya soma firgita cikin barci, ko yana tsoron fita fitsari da dare, ku tambaye shi a hankali abin da ya kalla, ba da bulala ba. Waya kuma ta kwana a ɗakin iyaye.

Samari da 'yan mata da suka tasa, hani kaɗai ba ya tsare su, sai dai ya koya musu ɓoyo. Gara ku zauna ku kalla tare, sa'an nan ku yi taɗi. Ku tambaye su sunan mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka kashe. Ku tambaye su wa ya yi gargaɗi aka ƙi ji. Ku nuna musu yadda Bundy yakan ɗaure hannu kamar mai karaya yana neman taimako, ko ya ce shi jami'i ne, domin su san ladabi bai tilasta musu shiga motar baƙo ba. Yarinya tana da iko ta ce a'a, ta yi ihu, ta gudu, ba ta yi rashin kunya ba.

Mu manya ma akwai namu karatu. Labarin Rader ya isa ya tuna wa kowace ikkilisiya cewa muƙami ba ya wanke zuciya, saboda haka bai kamata a bar yara da babba ɗaya a ɓoye ba, kome girmansa a cikinmu. Labarin Glenda Cleveland kuma yana tambayarmu, in 'yar talla ta zo tana kuka, ko almajiri, ko matar da unguwa take zunɗe da baki, za mu saurare ta kamar yadda za mu saurari mai babbar riga?

A labarin kisan kai na fari da Littafi Mai Tsarki ya ba mu, tambayar da Ubangiji ya yi wa Kayinu a kan Habila ce, ɗan'uwan da aka kashe a saura inda ba mai gani. Masu finafinai za su ci gaba da sayar mana da sunan mai kisa muddin muna saye. A gidajenmu dai, in labarin nan ya taso, bari 'ya'yanmu su ji mun kira Kimberly, da Konerak, da Wilma.